Daga Ƙullin Dillaliya Zuwa Allon Waya: Ciniki da Rufin Asiri a Maiduguri

A tsakiyar watan Mayun 2013 wayoyin Maiduguri suka yi tsit. Batir a cike, kati a ciki, amma babu sabis ko ɗigo. Ranar 14 ga watan ne Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, bayan 'yan kwanaki kuma sojoji suka sa kamfanonin sadarwa suka rufe layukansu domin a toshe wa mayaƙan Boko Haram hanyar magana da juna. A watan Yuni aka haramta har wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam. Adamawa da Yobe sun samu sabis a watan Yuli, Borno kuwa sai wajen ƙarshen shekara al'amari ya daidaita. Dillalin banda a kasuwar kifi ta Baga Road, wanda abokan cinikinsa suke can Kudu, ya koma bai wa direbobi saƙon baka da 'yar takarda. Wanda mahaifiyarsa take kwance a asibiti a Kano ba ya jin labarinta sai wani ya zo daga can. Wasu kan shiga mota su yi tafiyar sa'o'i don kawai su isa inda waya za ta kama, su yi kira biyu ko uku, su juyo.

Garuruwa kaɗan ne a Najeriya suka ɗanɗani irin wannan. Mutumin Maiduguri ya san ranar waya domin ya taɓa rasa ta, ya kuma san sharrinta tun kafin sauran 'yan ƙasa su fara maganar kare bayanan sirri. Sai dai ciniki da rufin asiri a ƙasar Borno sun girmi waya nesa ba kusa ba.

Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, ta zama bakin hanyar ayarin da ke ratsa Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a wannan yanki, ya iso garin a 1851, ya tarar babbar kasuwar tana ci ranar Litinin. Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusseri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kusa da inda Turawan Ingila suka kafa barikinsu. Kasuwa ta biyo sarauta. Babbar kasuwar sabon garin, wadda kowa yake kira Monday Market har gobe, ta bunƙasa da fata da gyaɗa da kifin Tafkin Cadi, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso a 1964. Garin yana kan tsohuwar hanyar alhazan ƙafa masu bi ta Cadi da Sudan, kuma wannan hanya ta daɗe tana shigo da kayan ƙamshi da dabarun haɗa su.

Wannan ita ce kasuwar da ido yake gani. Akwai ta biyu wadda ba ta da rumfa ko ɗaya, tana ci a bayan zaure, a ɗakunan matan aure na Barebari da Shuwa da Hausawan da suka zauna a garin. A nan ake haɗa turaren wuta da humra, abin da ya kai sunan matan Borno ko'ina a Arewa.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Za a samo itacen sandal ko hawi ko ɗorot a faskara shi ƙanana, a wanke kajiji a shanya, a gyara farce a soya shi har ƙarninsa ya fita. Sai a narka sukari a tukunya, a zuba itatuwan a yi ta juyawa har su sha, a sauke, a bi su da madarar turare kala-kala da miski, a rufe a kwalba a ajiye. Turaren da ya kwana biyu a rufe ya fi sabo kama jiki. Kowace gwana tana da ma'auninta, kuma ba ta faɗa wa kowa sai 'yarta ko wadda ta raina. Idan amarya za ta tare, ana jera kayanta a kan kabbasa, kasko a ƙasa yana hayaƙi, har ƙamshin ya ratsa zaren lafaya ya zauna.

Mai haɗa wannan kaya ba ta fita talla. Dillaliya ce ƙafarta. Yawanci dattijuwa ce, bazawara ko wadda shekaru suka ba ta 'yancin shiga gida-gida, da ƙullin kaya a ka: kwalaben humra, lafaya, 'yan kunne, kwanuka, wani lokaci har zinari. Takan yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, a gaisa a tambayi yara, sannan ta kwance ƙulli. Abin da ya kamata a lura da shi a sana'ar nan shi ne abin da dillaliya ba ta faɗa. Matar da miji ya shiga matsi, ta ciro sarƙarta ta aure don a sayi hatsi, dillaliya take bai wa. Mai saye za ta tambayi kuɗi, a ce mata "mai shi ta ce kaza", iyakar abin da za ta ji ke nan game da mai shi. Wadda ta karɓi kaya bashi tana biya kaɗan-kaɗan, kishiyarta ma ba ta sani ba. Ba a ce duk dillalai waliyyai ba ne. An sha zargin wasu da kai gulma da haɗa abin da bai kamata ba. Amma an san gidan kowacce, an san danginta, kuma ranar da aka tabbatar bakinta ba ya rufuwa, ƙofofi ne za su rufe mata, sana'a ta mutu. Rufin asiri shi ne jarinta.

Haka aka yi ta tafiya har ƙarshen ƙarni na 20. Wayar tarho ta NITEL tana ofisoshi da gidajen manya kawai. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Najeriya, layi ɗaya yana kai dubban nairori, talaka sai dai ya je wurin mai lema a bakin titi ya biya kuɗin minti, ya yi maganar gidansa mutane suna tsaye suna jiran layi suna ji. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Daga baya wayoyin Caina masu layi biyu da memori da bulutut suka cika gari, aka samu sabuwar sana'a ta samari masu kwamfuta da ke tura wa mutane waƙa da fim da wa'azi.

Ta wannan hanya ce Maiduguri ta fara ganin ɗaya fuskar wayar. Wa'azozin Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram na wancan lokaci, sun yawata a memori kamar yadda suka yawata a kaset. Bayan rikicin Boko Haram na watan Yulin 2009, hotunan bidiyon abin da ya faru a titunan garin sun bi waya zuwa waya, kuma a watan Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna wa duniya wasu daga ciki, inda aka ga masu kayan sarki suna harbe mutanen da ba su ɗauke da makami. Waya ta zama shaida a ranar da babu mai iya buɗe baki. Ta kuma zama abin tsoro. A shekarun da suka biyo baya, abin da aka samu a cikin wayar saurayi a shingen bincike yana iya jawo masa abin da bai taɓa tsammani ba, don haka mutane suka koyi goge saƙo da hoto kafin su fita daga gida. A ɗaya ɓangaren, wanda 'yan bindiga suka zarga da kiran jami'an tsaro ransa yana cikin haɗari. A 2011 hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A watan Satumban 2012 mayaƙan suka bi turakun sadarwa suna ƙonawa a Maiduguri da wasu garuruwan Arewa, suna zargin kamfanonin da taimaka wa jami'ai wajen gano inda suke. Kowa ya fahimci abin da hakan yake nufi: ƙaramin abin nan da ke aljihu ya san inda mai shi yake kwana. A watan Janairun 2014, sabis bai daɗe da dawowa ba, bam ya tashi a cikin mota a yankin Post Office, wurin da masu sayar da waya suke hada-hada, ya hallaka mutane da dama.

Duk da haka matasan garin ba su bar waya ba. Daga 2go aka koma Facebook, wayoyin Tecno da Itel da Infinix suka sa intanet a hannun mai ƙaramin ƙarfi. Sace 'yan makarantar Chibok 276 a daren 14 ga Afrilun 2014 ya jefa sunan Borno a bakin duniya ta Twitter, har matar shugaban Amurka ta lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga kwalin neman a dawo da su. Kiran ya yi amfani, domin ya hana a binne maganar. Amma daga lokacin, duk wanda ya nemi Borno a intanet ba ya ganin komai sai gawa da toka da hawaye. Wannan ne ya sa Fati Abubakar, 'yar asalin garin, ta ɗauki kyamara a 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, mutane a tsaye da mutuncinsu, kowa da ɗan labarinsa.

Aikinta ya fito da wata tambaya da ba a cika yi ba a lokacin. Dubban ɗaruruwan mutane sun kwararo Maiduguri daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno, suka cika sansanoni irin su Bakassi da Dalori. Ƙungiyoyin agaji sun ɗauki zanen yatsunsu domin rabon abinci ya tafi daidai, baƙi kuma sun ɗauki hotunansu ba adadi. Matar da a garinsu baƙo ba ya wuce zaurenta, sai ga fuskarta da ta 'ya'yanta a shafukan da ba ta san da su ba, an kama ta tana miƙa kwano. Mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a ga mai kyamarar da ya zo tare da mai buhu. An taimaki mutane ƙwarai, ba a musun wannan, amma an karɓi wani abu daga hannunsu wanda ba a tambaye su ba.

Daga cikin waɗannan 'yan gudun hijira ne kuma wata tsohuwar sana'a ta samu sabon rai. Mutanen Bama, garin da ya faɗa hannun mayaƙa a watan Satumban 2014, gwanayen ɗinkin hula ne. A sansani da gefen titi, maza da mata suka duƙufa da allura da zare, hula ɗaya mai kyau tana cin makonni. Samari masu waya suka riƙa ɗaukar hoton hulunan, Zanna Bukar da 'yar Bama da sauransu, suna turawa Kano da Kaduna da Abuja. Mai saye ya zaɓi zane, ya faɗi lambar kansa, a kai tasha.

Abin da ya buɗe wa matan cikin gida ƙofa sosai shi ne WhatsApp. Saƙon murya ya kawar da matsalar rubutu: wadda ba ta yi boko ba za ta danna ta yi bayaninta da Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Hausa. Da aka ƙara sitatus a 2017, kowace mai haɗa turare ta samu rumfar da take buɗewa da safe ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Ta jera kwalabe a kan farin ƙyalle kusa da taga inda haske yake, ta ɗauka, ta rubuta "akwai humra fara da baƙa, ana turawa ko'ina". Masu dilka da halawa da masu lalle da masu sayar da lafaya suka bi sahu, daga baya aka bazu zuwa Instagram da TikTok. Kwastoma a Sakkwato ko Legas, ko wata 'yar Arewa da ke aure a Ingila, tana iya yin oda kai tsaye daga Gwange ko Bulunkutu ko Hausari. A cikin gari Keke Napep ne yake kai saƙo, tunda an hana hawa babur tun watan Yulin 2011. Na nesa kuwa sai tashar Borno Express ko Tashar Kano, a ba direba, a tura wa mai kaya lambarsa, a yi addu'ar mota ta wuce Damaturu lafiya ta cinye kusan kilomita 600 da ke tsakanin garin da Kano. Mata da yawa da rikici ya raba da mazajensu da wannan suke ciyar da marayu, suke biyan kuɗin makaranta.

Ko rashin wuta bai tsayar da cinikin ba. A watan Janairun 2021 aka fasa turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, aka sake fasawa bayan 'yan kwanaki. Garin ya daɗe a duhu, a watan Maris na 2023 kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da gas. A tsakanin nan shagon mai caji ya zama wurin da kowa yake zuwa: janareta yana ruri, katako cike da soket, wayoyi ɗari a jere kowacce da 'yar lamba manne a bayanta. Mutum ya miƙa wayar da ke ɗauke da hotunan iyalinsa da asusun bankinsa ga yaron da bai san sunan mahaifinsa ba, ya tafi sai yamma.

Shekarar 2023 ta ƙarasa tura sauran masu jan ƙafa. Canjin fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta ɓace a watannin farko na shekarar, har mai kayan miya ya koyi cewa "turo ta waya". Ana cikin wannan, da asubahin Lahadi 26 ga Fabrairu, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye Monday Market. Gwamnatin Babagana Umara Zulum ta sake gina kasuwar, amma a watannin jira, ɗan kasuwar da yake da lambobin abokan cinikinsa a waya ya ci gaba da sayar da ɗan abin da ya samu daga gida. Wanda lissafinsa duka yake cikin littafin da ya ƙone a shago ya fi kowa shan wuya.

To, sai dai abin da dillaliya take ɓoyewa, waya a fili take ajiye shi. Mai sayar da humra dole ta ba da lambarta ga duk wanda ya tambaya. Idan za a biya ta, manhajar banki za ta nuna cikakken sunanta, kuma a asusun OPay da PalmPay lambar asusun ita ce lambar wayar, an cire sifirin farko kawai. Tun daga watan Disamban 2020, lokacin da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wannan lamba ɗaya tana ɗaure da hoto da zanen yatsa da adireshi. Akwai mazan da ke shigowa da sunan ciniki, ba turare ne ya kawo su ba. Akwai masu tura alat na bogi su karɓi kaya su ɓace. Maganar da aka yi tsakanin mutum biyu kan bashi, a ɗauki hotonta a watsa a zauren dangi ko na unguwa. Mai kwalliya ta gama yi wa amarya ado ranar bikin wushe-wushe, ta ɗauki bidiyo ta ɗora don tallar hannunta, kafin ango ya ga matarsa dubban baƙi sun gani, wasu sun sauke sun ajiye. Wayar da aka kai gyara, ko aka sayar wa 'yan jagwal ba a goge ta da kyau ba, ta sha fitar da abin da ya raba aure.

Mafi muni su ne manhajojin ba da rance. Mutum ya karɓi 'yan dubbai, bai san ya ba su izinin kwashe duk lambobin da ke wayarsa ba. Ranar da ya makara, surukinsa da limamin unguwarsu da abokan cinikinsa za su samu saƙon cewa shi ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari a faɗin ƙasa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022. A al'ummar da ake auna mutum da rufin asirinsa, irin wannan tozarci ya fi kuɗin da aka ranta nauyi sau ɗari.

Doka tana nan a rubuce. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Mataki ne mai kyau. Amma doguwar yarjejeniyar da ake danna "na yarda" a ƙarƙashinta ba da Barbarci aka rubuta ta ba, kuma mai haɗa turare a Gwange ba ta da lauyan da zai bi mata kadin hoton da aka sace.

Don haka matan suka ƙirƙiro tasu katangar. Da yawa suna riƙe layi biyu, na kasuwa daban, na dangi daban. Wasu suna karɓar kuɗi ta asusun miji ko ƙane, ko ta mai POS na bakin layi. Ba a ba baƙo kwatancen gida. A ce ya tsaya a wani masallaci ko gidan mai, yaro ya kai masa. A hoton talla hannu kawai ake nunawa riƙe da kwalba, idan lafaya ce a rufe fuskar mai sanye da ita da hoton fure. An kuma samu 'yan mata masu ɗaukar hoton kayan wata su ɗora a nasu sitatus, su ƙara ribarsu a kai, mai saye ba ta taɓa sanin ainihin mai kayan ba.

A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Fori da Gwange da Gamboru, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya mamaye Monday Market da ba ta daɗe da farfaɗowa ba. Mutanen da suka maƙale a kan rufin gidaje da sauran cajin da ke wayarsu suka riƙa tura saƙon murya suna faɗin inda suke, 'yan'uwa suna yaɗawa har ya kai ga masu kwalekwale da motocin soja. Da hotunan yaran da suka ɓace aka haɗa iyalai da dama. Ta waya aka tara gudummawa daga Kano da Abuja da ƙasashen waje, wasu matasa suka dafa abinci suka kai sansanonin da aka sake buɗewa, ciki har da Bakassi. A cikin kwanakin nan kuma aka ga bidiyon matan aure da ruwa ya fito da su ba mayafi suna yawo a TikTok, an ɗora musu kiɗan tausayi, aka ga lambobin asusu na masu neman taimako da sunan mutanen da ba su taɓa wakilta su ba. Masu turare da dama sun rasa itatuwa da kwalaben da suka shekara suna tsumawa. Waɗanda wayarsu ta tsira sun sanar da kwastomominsu halin da ake ciki, wasu kwastomomin suka biya kuɗin oda tun kafin a haɗa kaya, da wannan kuɗin aka sayi sandal da sukarin farko bayan ruwa ya janye.